Kuncin da wanzami bai gama ba

Shekara ashirin ke nan a wannan kaka da wani direban motar Filinge ya tsaya a ƙofar shagona a Yamai, ya cire hularsa, ya tambayi yaran ɗinki wace ce 'yar Inna Marta. Ina kan keke ina haɗa hannun riga. Da na ga hular a hannunsa sai na ɗauke ƙafata daga kan keken. Ya ce, “Ke ta autar tsohuwa?” Na ce ni ce. Ya ce, “Sai haƙuri. Ta cika da hantsi, tsintsiya na hannunta.”

Ban yi kuka a lokacin ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Shi ke nan, ta tafi ba ta ji ba.” Direban ya dube ni bai gane ba, ni ma ban yi masa bayani ba. Yau na tsufa, na kusa shekarun da mutum ke daina ajiye magana, shi ya sa nake so in yi bayanin a nan.

Duk wanda ya zauna Filinge a wancan zamanin ya san mahaifiyata, ko bai san ni ba. Ita ce tsohuwar nan Kirista mai zane a kunci ɗaya. Kuncinta na dama yana ɗauke da zanen Kurfayawa a jere, tsaf, aikin gwani. Na hagu kuwa sumul yake kamar na jariri. Yara suna binta suna kiranta Zane-guda, ta juyo ta ba su ƙuli-ƙuli. Manya suna ce mata Inna Marta. A barikin sojan da ta girma ana ce mata Tsintuwa. Sunaye uku ke nan, kuma babu wanda uwarta ta sani a cikinsu. Sunan da aka raɗa mata ranar suna, wanda aka yanka wa rago, shi ne ta yi rayuwarta duka tana nema.

An haife ta a wani ƙaramin ƙauye gabas da Filinge, a ƙarƙashin duwatsu, a shekarun da Nasara suka shigo ƙasar Kurfai. Ta yi rashin lafiya tana jaririya, saboda haka aka ɗage yi mata zanen fuska har ta fara zama. Ranar da wanzami ya zo, yayarta Dije, yarinya da ba ta kai aure ba, ita ta riƙe ta a cinya. Ya gama kuncin dama, ya shafa baƙin tukunya, yana wasa askarsa don na hagu, sai aka ji bindiga. Sojan Nasara ne suka zo neman hatsi da mutanen da za su ɗauki kaya. Gari ya watse. Uwar tana rijiya, ta bi wata hanya. Dije ta rungumi jaririyar ta bi jama'a cikin duwatsu, suka ɓuya a wani kogo.

Jaririyar da aka tsaga wa kunci ba ta yin shiru don an ce ta yi. Manyan da ke kogon suka ce wa Dije ko ta rufe mata baki ko ta fita da ita, kada ta jawo musu mutuwa. Ta fita da ita. Ta dawo hannu biyu, ba jaririyar. Da aka koma gari ta ce wa uwarsu soja ne ya fizge ta ya jefar. Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka. Uwar ba ta ƙara shekara biyu a duniya ba.

Jaririyar kuwa tana ƙarƙashin sabara, inda aka kwantar da ita. Wata Babambariya, baƙuwa daga yamma, matar ɗaya daga cikin sojojin, wadda ke bin rundunar tana yi musu tuwo, ita ta ji kukan ta ɗauke ta. A haka mahaifiyata ta girma a bariki, tana surfe da daka wa mutanen da suka watsa garinsu. Da matar ta rasu ta ci gaba da dakan har ta haɗu da mahaifinmu Filip, kafinta mutumin Dahome, Kirista. Wani mompe, wato limamin Kirista, da ke zagayowa daga nesa shi ya yi mata baftisma ya sa mata Marta. Ta karɓi addinin da zuciya ɗaya, kuma ban taɓa ganin ta yi wasa da shi ba. Amma ta kan ce, “Marta rigar da anka ba ni ta, kuma ina son ta. Ni dai ina so in san zanen goyon da anka goya ni da shi.”

Da aka turo mahaifinmu Filinge yin ƙofofi da tagogin gidan kumandan, wato Baturen mulki, ta biyo shi da murna, domin Babambariyar ta gaya mata a wace ƙasa aka tsince ta. A lokacin babu majami'a a garin. Kiristocin ba su cika tabarma biyu ba: wani malamin likita ɗan Togo, sojoji Mosawa, da mu. Mahaifinmu ya kafa rumfar kara a gidanmu, ya yi benci. Ita ke share rumfar kowace safiya, ita ke buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a jikin gawo in Lahadi ta yi, ita ke wanke farin ƙyallen da ake shimfiɗawa a teburin addu'a ta ninke shi ta ajiye don mompen da wani lokaci sai damina ta zagayo ba a gan shi ba. Ba ta iya karatu ba, amma ita ta koya wa yaran baƙin nan addu'o'i da Hausa. Babu wanda ya ɗora mata wannan aiki, babu kuma wanda ya taɓa sauke mata shi har ranar da ta faɗi da tsintsiya a hannu.

Wata Lahadi, an tashi addu'a ta shiga kasuwa sayen daddawa, sai wani wanzami mai suna Na-Allah ya bar kan da yake askewa ya miƙe. Ya ce, “Baiwar Allah, tsaya. Juyo mini kuncin ga.” Ta juya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Wanga aiki hannun tsohona na. Har ya mutu yana hwaɗin aiki guda ɗai ya bari bai ƙare ba, kuma ba shi son a tuna mishi.” Mutumin da aka bari da rabin aski ya ce, “To kai ma gadon halin tsohon naka kaka son yi? Zo ka ƙare mini kaina!” Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Daga bakin Na-Allah ta ji labarin kogon, don tsohonsa yana ciki ranar, ya ga fitar Dije ya ga dawowarta. Ta tambaye shi sunan jaririyar. Ya ce tsohon bai taɓa faɗa ba, “ɗiyar nan” kawai yake cewa. Ƙauyen kuma ya daɗe da tashi, iyayen sun rasu, dangin sun bazu. Mutum ɗaya ya rage wanda ya sani, wato Dije, kuma tana nan cikin Filinge tana aure a bayan kasuwa.

Mahaifiyata ta yi wanka ta ɗaura zanenta na Lahadi, ta cika ƙwarya da gero ta ɗora goro a kai, ta tafi. Ta ba ni labarin sau da yawa. Ta ce da Dije ta fito daga ɗaki sai ta ga fuskarta ta kanta, amma an gama ta, zane dama da hagu. Ta durƙusa ta ce, “Yaya.” Dije ta dubi kuncin dama, ta dubi na hagu, ta dubi ƙaramin gicciyen da ke wuyanta. Ta ce, “Yayar wa? Ƙanwata ta rasu tun ina ƙarama. Mun yi mata sadakar ukku, mun yi ta bakwai, mun yi ta arba'in. Ɗauki ƙwaryarki.”

Ta ɗauki ƙwaryarta. Amma ba ta ɗauke ƙafarta daga gidan ba.

Ina so in yi adalci, ko da yake ba ya zo mini da sauƙi. Mutanen Filinge ba su wulaƙanta mu ba. Mun sha ruwa rijiya ɗaya da su, an aiko mana naman layya, mun aika musu tuwon Kirsimati. Mahaifiyata ta zama ungozomar rabin garin, kuma a shekarar fara, da yunwa ta kwantar da mutane a bakin hanya, tukunyarta ba ta sauka daga murhu ba. Lokacin sanƙarau ta shiga ɗakunan da 'yan uwan majinyata ke tsoron shiga. Liman da kansa yana cewa da ita “uwar gari”. Gari guda ya karɓe ta. Mace ɗaya ce ta ƙi, kuma ita kaɗai ce take riƙe da abin da take so.

Duk inda suka haɗu, a rijiya ko a gidan biki, sai ta ce, “Yaya, ina kwana?” Dije ta ce, “Yayar wa? Lahiya lau, matar kafinta.” Haka aka yi ta yi har mutane suka saba, suka mayar da shi abin raha. Matan 'ya'yan Dije duk a hannun mahaifiyata suka haihu. In an haifi mace, sai ta je sunan da sassafe ta zauna kusa da zaure ta kasa kunne. Kun san al'adarmu, sunan wanda ya rasu ba ya ɓata, ana mayar wa wani jariri a gidan. Ta tabbata Dije ta mayar da sunan ƙanwarta a kan ɗaya daga cikin 'ya'yanta ko jikokinta. Akwai Hawa, akwai Zainabu, akwai Haɓsu, akwai Ramatu. Na sha jin ta tana tankaɗe ita kaɗai tana kiran sunayen nan ɗaya bayan ɗaya a hankali, tana dakatawa bayan kowanne, kamar mai gwada takalmi a kasuwa. In ta ga na ji sai ta ce, “Jikokina nika yi wa addu'a.”

Ina budurwa Dije ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Mijinta ya riga ya rasu, 'ya'yanta maza suna Kurmi ci-rani, matansu kowa da nata aikin gona da yara. Aka bar ta a ɗaki tana kwana cikin ƙazantarta. Mahaifiyata ta ji. Tun daga ranar, in ta share rumfar addu'a sai ta ɗora mini ƙwaryar kunu mu tafi bayan kasuwa. Ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ita ke wanke tsummokaranta, ita ke yi mata kitso. Damina huɗu ko biyar muka yi a haka.

Bakin Dije bai shanye ba. In an kawo ludayi sai ta datse haƙora. Mahaifiyata ta ce, “Buɗe baki, Yaya, kunun ga ba a yi mishi baftisma ba.” Dije ta ce, “Wa ya sani? Ku da komi sai kun yayyahwa mishi ruwa.” Sannan ta buɗe ta sha har ta side. In lokacin salla ya yi, mahaifiyata ce ke kawo mata dutsen taimama, ta gyara mata kwanciya ta fuskanci gabas, ta fita waje ta jira. Ba ta taɓa yi mata wa'azi ba, ko sau ɗaya.

Ni ce ban da haƙuri. Wata rana mahaifiyata ta fita shanya, na tsaya a kan tsohuwar na ce, “Ke ba ki jin kunya? Ta wanke miki abin da ɗiyan cikinki sunka ƙi taɓawa. Suna guda ɗai taka roƙo. Mi za ya rage ki?” Ta dube ni da idon da ke motsi ta ce, “Ɗiyar kafinta, bakinki ya hi ƙarhin shekarunki.” Ta juya fuska bango. Da muka koma gida na sha faɗa irin wanda ban taɓa sha ba. Mahaifiyata ta ce ba ciniki take yi ba, kuma in na ƙara za ta daina zuwa da ni.

Kusa da ƙarshe, wata rana da azahar, zazzaɓi ya rufe Dije. Mahaifiyata na goge mata goshi, sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ɗora a kuncin hagu, wanda ba a zana ba. Ina zaune ina gani. Ta ja yatsa a kai a hankali, layi bayan layi, daidai inda askar za ta bi. Sannan ta ce, “Ke ma kin cika kuka ran nan. Na yi, na yi, kin ƙi shiru.”

Mahaifiyata ta riƙe hannun. Ta ce, “Na sani, Yaya. Ke ma yarinya ta, ba ki da laihi. Ban riƙe ki da komi ba. Hwaɗa mini dai, mi anka raɗa mini?”

Dije ta ce, “Sunan nan na Musulma na. An yi mata sadaka, tana wurin innarmu. Ki bar mata abinta.”

Ba ta ƙara komawa kan maganar ba. Da safe da aka ce mata “Yaya” ta ce “Yayar wa?” kamar kullum. Bayan 'yan kwanaki ta rasu. Mahaifiyata ta ɗebo ruwan wankan gawar da kanta, ta ajiye a ƙofar ɗaki, ta koma gefe ta zauna, tun da ba a ba ta izinin shiga ba.

Na daɗe ina juya maganar nan ta Dije. Da ina yarinya na ɗauka mugunta ce zalla. Yanzu da na kai shekarunta ina ganin wani abu. In ta faɗi sunan, to yarinyar da ta ce ta mutu ba ta mutu ba, kuma uwarsu ta mutu da baƙin cikin ƙarya. Wannan kaya ta ɗauka tun tana ƙarama, manyan da suka ɗora mata shi a kogo kuma sun mutu da mutuncinsu. Na gane haka. Ganewa dai ba ta sa na yafe ba. An koya mini yafiya a rumfar da mahaifiyata ke sharewa, ina kuma faɗinta a addu'a kowace rana, amma in na zo kan Dije sai harshena ya yi nauyi.

Ba ita kaɗai nake jin haushi ba. Nasaran da suka harba bindigar ranar ba su ma san an yi ba, sun ɗebi hatsinsu sun wuce. Mutanen majami'armu kuma, da aka gina ɗaki na ƙasa jama'a ta ƙaru, sun mayar da ita abin misali. In ana wa'azin haƙuri a ce ku dubi Inna Marta. Ta taɓa kai kukanta wurin wani mompe, ya dafa ta ya ce Allah ya san sunanta, Marta ma ya isa. Gaskiya ya faɗa, ta kuma yi masa godiya. Amma shi ya san sunan da uwarsa ke kiransa da shi, ya san garinsu, yana samun saƙo daga can. Da wuya mai irin wannan ya ji abin da take ji.

Ta yi shekaru masu yawa bayan Dije. Ta binne mahaifinmu, ta binne yayyena biyu, ta karɓi haihuwar 'ya'yan waɗanda ta karɓi haihuwarsu. Na so ta dawo wurina Yamai ta ƙi. Ta ce wa zai share ɗakin addu'a, kuma ko wani tsoho daga ƙauyen zai iya ɓullowa kasuwa wata Lahadi. Har idonta ya raunana tana zama kusa da rumfar wanzamai tana duban fuskokin tsofaffi. Ba wanda ya ɓullo.

Ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Yanzu ba a zane, jikokina fuskarsu sumul dama da hagu, kuma kowane jariri ana rubuta sunansa a meri, wato ofishin magajin gari. Ina jin wannan zai yi mata daɗi. Amma da na je Filinge bara na ga mata daga arewa zaune a gefen gari da ƙullin kaya, sun gudo daga masu bindiga, yara ƙanana na goye da ƙannensu. Na ga wata yarinya tana jijjiga jariri tana toshe masa baki da tafin hannu, alhali ba mai korarsu a nan. Hannun ya riga ya saba. Na san da mahaifiyata na nan ba za ta tsaya tambayar addininsu ba, da tuni tukunyar kunu na wuta. Ni abin da na iya shi ne na durƙusa na tambayi yarinyar sunan ƙanen nata, na sa ta faɗa da ƙarfi, na maimaita har ya zauna mini.

Abin da ya rage na mahaifiyata yana da yawa in aka bi ta wajen mutane. Akwai dattawa a Filinge masu furfura da in na ce ni autar Marta ce sai su ce a hannunta suka faɗo duniya. Ƙarfen da take bugawa yana nan, ko da yake an samo ƙararrawa. Ranar jana'izarta Musulmi sun fi mu yawa, kuma jikokin Dije ne suka haƙa kabarin. Na zauna da Hawa da Zainabu da Haɓsu da Ramatu, duk sun zama kakanni, na tambaye su ko sun san wadda aka mayar wa sunan ƙanwar kakarsu. Suka dubi juna. Ba su ma san kakarsu ta taɓa yin ƙanwa ba.

Da za a yi gicciyen kabarin, na ce wa kafintan ya rubuta Marta daga ƙasa, ya bar wuri a sama. Ya tambaye ni me za a sa a wurin, na ce zan gaya masa. Gara ta ci itacen an sake wani, wannan kafintan ma ya rasu, ɗansa ne ya yi na ƙarfe da ke nan yanzu, shi ma na sa ya bar wurin. Na je na shafa masa fenti a makon jiya. Wurin yana nan, ban samu abin da zan rubuta ba.